Asalin Gwandu, Gandun Kanta

Tsofaffin ƙasar Kabi sun ce tun ba a san wani gari wai shi Gwandu ba, wurin nan gona ce, gonar kuwa ta Muhammadu Kanta ce, sarkin da ya kafa daular Kabi shekara ɗari biyar da suka wuce. Kanta jarumi ne na gaske. Ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, da aka komo aka saɓa wajen rabon ganima, wajen shekarar 1516, sai ya ce shi da biyayya har abada. Aka aiko masa da runduna, ya kore ta. Ya gina Surame, ya kewaye ta da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan har yau. To, mai riƙe da dakaru da dawaki masu yawa haka, tilas ya san inda tuwonsu da harawarsu za su fito. Sai aka samo masa wani kwari mai dausayi tsakanin tuddai, inda ruwa ba ya nisa ko da rani, ya ajiye sarkin gandunsa a can da bayi. Da sassafe kowa ya fita aikin gandu, sai rana ta karkata a sallame shi ya tafi gayaunarsa. In kaka ta yi a ɗaure dammunan gero da dawa, a cika rumbuna, a loda wa jakai su nufi fada. Yau da gobe bukkokin manoma suka zama ƙauye, aka riƙa ce masa Gandu, har bakin mutane ya mai da shi Gwandu.

Akwai waɗanda ba su yarda da wannan labari ba. Su a wurinsu tarihin Gwandu daga jihadi ya soma, abin da ya gabace shi tatsuniya ce. Amma maganar tsofaffi ta fi kama hankali, domin Turawan farko da suka zo ƙasar, Gando suka rubuta, ba Gwandu ba, sa'an nan su kansu masu jihadi ba su ce su suka sari wurin ba, tarar da shi suka yi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, noma ne ya kafa garin nan, shi ya jawo masa malamai da sarauta, shi ne kuma ya rage a hannun mutane bayan sarautar ta tashi.

A dubi yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo. Bayan hijira zuwa Gudu da nasarar Tafkin Kwatto a 1804, abin da ya fi damun jama'a yunwa ce, ba Gobirawa ba. An sha wuya a Tsuntsuwa, aka gangara Sabon Gari a ƙasar Zamfara, can ma abinci ya yi ƙaranci, zama da masu ƙasa ya ƙi daɗi. Daga nan Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ja runduna ya ci Birnin Kebbi a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Cikin wannan shekara aka kwashi iyali da littattafai da dabbobi aka sauka Gwandu. Wani zai ce duwatsun wurin suka bi don tsaro. Amma garin a cikin kwari yake, tuddai ne bisa kansa, kuma a lokacin ko ganuwa ba shi da ita. Mai neman mafaka ba zai zaɓi inda abokin gaba zai leƙo shi daga sama ba. Hatsi da ruwa da makiyaya suka kawo su, da ruwan ciki kuwa akan ja na rijiya. Ba a daɗe ba Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗa kai, aka gwabza a Alwasa, jama'ar Shehu suka yi hasarar mutane da yawa, aka biyo su har bakin gari. A nan suka tsaya, Allah ya ba su sa'a, an ce tsakuwar tuddan ta hana raƙuman Abzinawa sakewa. Bayan wannan ne aka yi wa garin ganuwa. Daga Gwandu aka shirya yaƙin da ya ci Alƙalawa a 1808, kafin Shehu ya koma Sifawa.

Da Shehu ya raba aikin mulki a 1812, sai ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Malam Abdullahi yamma. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, Abdullahi ya koma Gwandu, zukata ba su yi daɗi ba. Sai mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, abin ya yi tsanani, Bello ya taso da kansa ya kawo wa baffansa gudummawa. Masu ba da labari sun ce da aka gama yaƙi suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki ya gai da babba, Abdullahi ya yi masa nuni ya zauna, shi ya fara gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Kai, samun irin waɗannan mutane sai an tona! Daga wannan ɗan kwari na Gwandu aka riƙa duba al'amuran Nupe da Ilori da Yawuri, har Sayi da Liptako, waɗanda yau suke cikin Nijar da Burkina Faso. Malam Abdullahi kuwa sarauta ba ta raba shi da alƙalami ba. Shi ne mai tafsirin nan Liya'ut Tawili, da Liya'ul Hukkami, da Tazyinul Waraƙati. Wasu sun ce ya rasu a 1828, wasu 1829. Ta biyun ta fi ƙarfi, don ita ta dace da farkon shekarar 1245 ta Hijira. A Gwandu aka rufe shi.

Shaida mafi kyau a kan albarkar wurin daga bakin baƙo ta fito. A 1853 Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Gwandu zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Bai sami ganin sarki ba, don Halilu mutum ne mai gudun duniya. Amma ya ga gari. Ya ba da labarin rafin da ya ratsa tsakiyarsa, da itatuwa masu duhuwa a gefensa, ya yaba ayabar garin da manyan albasarsa, ya kuma ambaci farin ƙyallen da masaƙa ke fitarwa. A nan ne wani malami ya ara masa Tarihin Sudan, littafin Tumbutu, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafa, ta haka Turai ta fara sanin tarihin Songhai sosai. Abin sha'awa, littafin nan shi ne ya kawo labarin saɓanin Kanta da Askiya, ga shi an same shi a tsohon gandun Kanta. Mai cewa da ilmi aka san Gwandu ba da garma ba, ya faɗi gaskiya, sai dai bai kai ƙarshenta ba. Almajiran da suka cika zaurukan malamai, da masu kwafar littattafai, da baƙin da ke tahowa daga Nupe da Gurma, duk daga rumbunan kwarin nan aka ciyar da su.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Kabawa suka tashi a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, yaƙi ya ƙi ƙarewa, sarakunan Gwandu suka koma Ambursa don su tsare iyaka. Turawan Ingila suka zo a 1903, Faransa ta riga ta kwashe yammacin ƙasar, a 1906 aka mai da gadon sarauta Birnin Kebbi. Sunan Gwandu ya bi sarki, garin ya zauna da hubbarensa da gonakinsa.

Wanda ke son ganin irin noman gandun a raye yau, sai ya gangara Kalgo, kudu da Birnin Kebbi, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi Jega, ɗaya ta bi Bunza zuwa Kamba a bakin iyakar Nijar. Ga alama sunan itacen kalgo garin ya ɗauka, wanda ake ɗaye ɓawonsa a yi igiya. Ƙaramar hukuma ce tun 1996, ga jami'ar tarayya da babban asibiti a kusa, amma arzikinta na fadamar Gulbin Kabi ne. Da ruwa ya janye sai a ja kunyoyi a tayar da fangali, a kafa injin ban ruwa a bakin rijiya, a dasa shinkafa layi layi, yara na kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye. Bayan an yanke a buga, mata su turara su shanya, masunta kuma na can cikin gulbi da taru da homa. Ba banza ba aka zaɓi jihar Kebbi a 2015 don ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, har Legas ta ƙulla cinikin shinkafa da ita a 2016. Gaskiya ne gulbin da ke bayarwa yakan karɓe, kamar ambaliyar 2020 da ta shanye gonaki masu yawa, amma da rani manoma suka koma suka sake dasawa.

Abin takaici, baƙo yakan zo kallon bikin kamun kifi na Argungu, ya juya bai taka Gwandu ba, alhali tafiyar ba ta da nisa. Ga hubbaren Malam Abdullahi, ga filin Alwasa, ga kufan Surame, ga littattafan da ke jibge a gidajen malamai, gara na neman cinye su. Ya kamata masarauta da gwamnatin jiha su gyara hanyoyin wuraren nan, su adana takardun, su sa waɗanda suka san tarihi su riƙa yi wa masu ziyara bayani. Manoman fadama kuma a taimake su da maganin ambaliya da iri mai kyau, don su ne suka riƙe ƙasar tun zamanin Kanta.