Tsohuwar Mota, Sabuwar Roba: Tarihin Taya Daga Kafuwar Wusasa Zuwa Yau

A shekarar 1929, lokacin da 'yan mishan na CMS suka tashi daga cikin birnin Zariya suka kafa mazauni a Wusasa, daura da dutsen Kufena, mota baƙuwa ce a ƙasar Zazzau. Jirgin ƙasa ya iso tun 1911, amma hanyoyin mota na jar ƙasa ne, rani ƙura da gargada, damina taɓo da zaizaya. 'Yan motocin da ke bin waɗannan hanyoyi tayoyinsu sirara ne, dogaye, da tub a ciki, kuma direban da bai iya faci ba bai isa ya kama doguwar tafiya ba. Daga wannan siririyar taya zuwa faffadar da muke gani yau a Kwangila da Ɗan Magaji akwai tarihi mai tsawo. Duk wanda ya gaji tsohuwar mota yana son ya tashe ta, sai ya san wannan tarihi kafin ya taka shagon mai taya.

Asalin abin daga danƙo ne. Ɗanyen danƙo ba ya jure yanayi: da zafi ya narke ya yi yauƙi, da sanyi ya ƙage ya tsage. Ba'amurke Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa idan aka dafa shi da farar wuta yana zama roba mai juriya. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar keke da ake iya cirewa a gyara a 1891, sannan a 1895 suka shiga tseren Faris zuwa Bordeaux da mota mai tayar iska. Faci ya wahalar da su a hanya, amma sun nuna wa duniya cewa mota na iya tafiya a kan iska. Tayoyin farko ma farare ne ko ruwan toka. Sai bayan 1910 aka riƙa cuɗa roba da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda ya ninka ƙarkonta, ya kuma ba ta baƙin launin da muka sani.

Har zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu, iri ɗaya ake saƙa cikin taya. Ana shimfiɗa zare falle-falle a karkace, wannan ya gitta wancan, tun daga baki har baki. Irin wannan taya mai zaren gicciye gefenta na da tauri, tana jure duka a kan dutse da rami, amma tana saurin ɗaukar zafi, zanenta na saurin cinyewa, kuma tana bin duk wani kwari da ta tarar a kan titi. A 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar wata dabara dabam: zaren ya tafi kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin zane. Ita ce radiyal, wadda ta shiga kasuwa a 1949 da sunan Michelin X. Gefenta na lanƙwasa, fuskarta kuwa na kwance daram a ƙasa, don haka ta fi riƙe titi, ta fi daɗewa, ta fi rage shan mai. Pirelli na Italiya ya biyo baya da Cinturato a farkon shekarun 1950, Michelin kuma ya ƙara da XAS a 1965 domin motoci masu gudu.

A nan ne hanya ta rabu biyu ga motocin ƙawa da na tsere. Faransawa da Italiyawa sun rungumi radiyal da wuri, Ingila da Amurka suka yi jinkiri. Jaguar E-Type, wadda ta fito a 1961, ta bar masana'anta ne a kan tayar Dunlop mai zaren gicciye, sai daga baya aka koma sa mata radiyal. Peugeot 404 ta 1960 kuwa, da 504 ta 1968, an auna komai nasu a kan radiyal tun daga takarda. Injiniya ba ya zana ƙafar mota sannan ya je neman taya. Tayar da ke hannunsa yake dubawa ya yanke taurin sifirin, nauyin sitiyari da ƙarfin birki. Shi ya sa taya ba ado ba ce. Wani sashe ce na ƙirar motar.

Nijeriya ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. Gonakin roba na yankin Benin da Sapele sun daɗe suna ciyar da kasuwar duniya, kuma a farkon shekarun 1960 Michelin ya kafa masana'anta a Fatakwal, Dunlop ya kafa tasa a Ikeja. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, wanda a Wusasa ya tashi, aka kafa kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1972, ya fara fitar da motoci a 1975, shekarar da Volkswagen ma ya fara haɗa motar nan da ake kira kunkuru a Legas. Ƙarin albashin Udoji ya zo daidai lokacin, malamai da ma'aikatan asibiti da na jami'a a Zariya suka samu halin sayen mota. A 1975 ɗin ne kuma 504 ta cinye tseren Safari na Gabashin Afirka, a 1978 'yar'uwarta mai ƙofa biyu, 504 Coupé V6, wadda gidan Pininfarina ya zana, ta sake cinye shi. Ga Bazazzagin wancan zamani, motar tseren da ya sani ba wata baƙuwa ba ce, jini ɗaya suke da wadda ke ajiye a ƙofar gidansa. Tayarta kuma ba sai an yi odarta daga waje ba.

Abu biyu suka sauya wannan hali. Na farko, duniya ta koma ga taya mai faɗi da gajeren gefe. Tsohuwar radiyal mai lamba 165R15, irin ta 404, tsayin gefenta ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari na faɗinta. Motocin baya suka sauko zuwa 70, 60, har 50 da ƙasa da haka. A 1975 Michelin ya fito da TRX, wadda ba ta hawa kowane rim sai nata mai awon milimita. Na biyu, masana'antun gida suka mutu. Michelin ya rufe ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a 2008, saboda tsadar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje masu araha. Kasuwa ta cika da sababbi daga Asiya da kuma na gwanjo, duk a kan awon motocin yau. Mai tsohuwar mota ya wayi gari lambarsa ta yi wuya, mai shago kuma abin da zai ce masa shi ne, “Alhaji, ai duk sha biyar ce, za ta hau.”

Za ta hau, amma lissafi ba ya ƙarya. Taya 165R15 tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 645 ne, 195/50R15 kuwa 576. Motar za ta sauka da fiye da santimita uku, cikinta ya riƙa gogar tudun rage gudu, maleji ya riƙa nuna gudun da ya zarce na gaskiya da kusan kashi 12 cikin ɗari, inji kuma ya yi ta kuka a banza. Yawancin tsofaffin motoci ba su da na'urar sauƙaƙa sitiyari, don haka faffadar taya na mayar da juyawa aikin ƙarfi, tana kuma cinye kayan ƙafa. Sannan tsohuwar mota tana kwantawa a kwana. Tayar zamaninta mai zagayayyar kafaɗa ce, tana bin kwanciyar, tana sakin titi sannu a hankali yadda direba zai ji ya gyara. Ta yau mai kafaɗa a miƙe an yi ta ne don motar da ba ta kwantawa. A ƙafar tsohuwa sai ta riƙe, ta riƙe, sannan ta saki lokaci guda.

Da masu sha'awar tsofaffin motoci suka yawaita a Turai da Amurka, sai aka farfaɗo da tsofaffin ƙira. Kamfanin Coker a Amurka ya riƙa sayen tsofaffin mazuban taya yana sake bugawa, Michelin ya ci gaba da yin X da XAS da TRX, Pirelli ya dawo da Cinturato. Zane da awo na da ne, robar kuwa ta yau ce. Mutumin Wusasa ba zai sha wuyar gane hikimar ba, domin majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa, ba ta kai yau ba sai don ana sabunta mata yaɓe ba tare da an taɓa siffarta ba.

Wannan ne ya kawo mu ga kuskuren da ya fi kowane haɗari, wato ɗaukar tsohuwar taya a matsayin ta asali. Roba na tsufa ko ba a taka ta ba. Zafin bazara da bushewar hunturu na ƙara mata saurin ƙagewa, zane na nan raɗau amma ciki ya mutu. Tun shekarar 2000, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda lambarta uku ce kawai ta girmi ƙarnin nan, ba ta da wurin zama a kan titi. Harafin gudu ma abin dubawa ne: S na kilomita 180 a awa, H 210, V 240. Rim mai wayoyi irin na tsofaffin motocin Ingila yana bukatar tub, kuma ba a sa radiyal a gaba mai zaren gicciye a baya.

Motocin 404 da 504 da kunkuru da suka rage a gidajen Wusasa, Tudun Wada da Samaru shaidu ne na lokacin da ƙasar nan ke haɗa motarta, tana kuma ƙera tayarta da robar gonarta. Sun cancanci a tashe su yadda aka ƙera su. Mai irin wannan mota ya buɗe littafinta ya ga lambar da aka rubuta, ya nemi wannan awo ko mafi kusa da shi a tsayi da faɗi, ya duba shekarar ƙira da idonsa, ko da hakan zai sa ya jira oda ta wata biyu. Jiran ya fi araha a kan gyaran ƙafar mota, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba a kan fashewar taya a hanyar Kaduna.