Keke Mai Giya Ɗaya da Saita Sarƙarsa a Ƙasar Zazzau

Keken da ya fi daɗewa a hanyoyin Zariya shi ne baƙin keke mai giya ɗaya da birkin ƙarfe. Asalin ƙirarsa daga Ingila ne. A 1880 a Mancesta Hans Renold ya ƙera irin sarƙar da ake amfani da ita har yau, a 1885 kuma John Kemp Starley ya fito da keken da sarƙa ke juya tayarsa ta baya. Bayan da layin dogo ya iso Zariya a 1911, kantunan Turawa a Sabon Gari suka zama ƙofar shigowar kaya irin wannan. Raleigh ne ya yi suna, har mallakarsa ta zama alamar rufin asiri ga malamin makaranta, ma'aikacin En'e da manomin da ya sayar da auduga ko gyaɗa. Daga baya aka riƙa harhaɗa kekuna a Zariya da Kano, sannan Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa saboda araha.

Babur ya rage wa keke daraja a cikin gari, amma a ƙauyukan gundumar Dutsen Abba bai daina aiki ba: shi ke ɗauko buhun masara, rake da itace zuwa Tudun Wada. Abin da ya raya shi shi ne sauƙin gyara, kuma babu inda gwanintar mai gyara ke bayyana kamar wajen saita sarƙa.

Keken ba shi da abin da ke jan sarƙa da kansa, don haka da tayar baya ake saitin. Mai gyara yakan kife keken, ya sassauta notunan gefe biyu da sufana, ya ja tayar baya kaɗan-kaɗan, yana ɗaure ajasta ta hagu da ta dama daidai wa daida don kada tayar ta karkace. Sai ya tsuguna ta baya ya rufe ido ɗaya, ya duba ko babban faranti mai haƙora da firiwil suna kan layi guda. Idan sun saɓa, yakan ƙara washa ko ya cire a gefe ɗaya. Sarƙar da ke tafiya a karkace takan yi ƙara, ta cinye haƙora ta gefe, ta zame daidai lokacin da aka taka feda da ƙarfi a hawa.

Tsaurin ma yana da ƙa'ida. Farantin ba ya cika zama a tsakiya sosai, shi ya sa ake juya feda a nemo inda sarƙar ta fi ɗamewa, a bar mata wasan kusan santimita 1 a nan. Wanda ya ɗame ta tamau yana ganin ya kyauta, alhali boris yake kashewa.

Ƙurar hunturu da taɓon damina, idan suka haɗu da baƙin man da ake ɗiga mata, kan cinye sarƙa har ta ƙara tsawo. Idan tayar ta kai ƙarshen gurbinta, sai a cire gaɓa a sake haɗawa. Dabara ce ta talaka, tana kuma kai mutum gida, amma sarƙar da ta miƙe ta riga ta ci haƙoran firiwil, sabuwa kuwa tsalle take yi a kan tsohon. Don haka tsofaffin masu gyara ke ba da shawarar a canza su tare.