Abdallah ag Oumbadougou: makaɗin jitar da ya kai makarantar kiɗa Arlit

Abdallah ag Oumbadougou mawaƙi ne kuma makaɗin jita ɗan ƙabilar Abzinawa daga jahar Agadez a Jamhuriyar Nijar. An haife shi wajen shekarar 1962 a wani ƙauye kusa da Agadez, ya kuma rasu ranar 4 ga watan Janairun 2020. Yana cikin waɗanda suka fara kafa kiɗan jitar Abzinawa a Nijar.

Gudun hijira da waƙa

Abdallah bai shiga makarantar kiɗa ba, da kunne ya koyi jita tun yana saurayi. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya ƙarar da dabbobin makiyayan arewa, lamarin da ya sa dubban samari suka nufi Aljeriya da Libiya neman aiki. Shi ma ya bi sahu a shekarun 1980. Ana kiran waɗannan samari ishumar, sunan da ya samo asali daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, kuma shi ne ya zama sunan salon kiɗansu, wanda ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta shahara da shi. A can waje ne Abdallah ya kafa ƙungiyarsa mai suna Takrist n'Akal.

Lokacin tawaye

Bayan kashe-kashen Tchin-Tabaraden na watan Mayun 1990, tawayen Abzinawa ya ɓarke a arewacin ƙasar. Waƙoƙinsa na harshen Tamashek, masu magana kan kewar gida, haɗin kai da haƙƙin jama'arsa, suka zama muryar tawayen. Hukumomi sun haramta su, amma kaset-kaset ɗin suka ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu, ana kwafa a ɓoye.

Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga watan Afrilun 1995 a Yamai, Abdallah ya samu damar yin wasa a bainar jama'a. A tsakiyar shekarun 1990 ya naɗi faifansa Anou Malane a ƙasar Benin tare da mawaƙi Nel Oliver. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2019.

Makarantar Arlit

Arlit gari ne da aka kafa a 1969 saboda haƙar ma'adinin yuraniyom, kuma aiki a kamfanonin SOMAÏR da COMINAK ya tara Abzinawa, Hausawa, Zabarmawa da sauran ƙabilu wuri guda. Sai dai ba kowane matashi ne ke samun aikin ma'adinin ba. A farkon shekarun 2000, Abdallah ya buɗe makarantar koyon kiɗa a garin, sannan ya ƙara wata a Agadez, domin yara su sami kayan kiɗa da malamin da shi bai samu ba.

A 2006 aka fitar da faifan Desert Rebel, wanda ya haɗa shi da Guizmo na ƙungiyar Tryo, da Daniel Jamet na Mano Negra, da Amazigh Kateb ɗan Aljeriya. Wannan aiki ya kai shi dandalin wasanni a Turai.

Makaɗan arewa da duniya ta sani a yau, irin su Bombino da Mdou Moctar, sun taso suna sauraron kaset-kaset ɗinsa.