Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Magana Ce Gaba Ko Kiɗa?

A 1999 Mamman Shata ya rasu. A shekarar ce kuma fim ɗin Sangaya ya fito a Kano, waƙarsa ta bi kaset har nan Gaya. A wannan tsakanin ne hanyar ƙirƙirar waƙa ta juya.

Shata ba ya zama ya rubuta. Abin da idonsa ya gani a fili shi ne tushen waƙa: ya jefa magana, ƴan amshi su karɓe, kalangu ya biyo. Shi kuwa kalangu, matsa shi ake a hammata, sautinsa ya hau ya sauka yadda Hausa take yi a baki.

Fiyano, wato Yamaha ɗin da situdiyoyin Kano suka runguma a shekarun 1990, da bugunsa ya zo a shirye. Mawaƙi ya kawo amshi, mai fiyano ya lalubo kari, sannan a auna baitoci daidai bugun.

To, nan fa ake yin ta. In bugu ya ja wasali, garin mutane sai ya koma garin tuwo. Shi ya sa gwanin mawaƙi yake cewa a gyara kiɗan, a bar masa kalmarsa.