BABI NA UKU: MANYAN MUƘAMAN FADA A DAULAR SALIBIYAWA TA ƘUDUS

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an ga yadda Salibiyawa, watau Turawan da Larabawa suka riƙa kira Faranjawa, suka ci birnin Ƙudus a shekarar 1099, da kuma yadda aka naɗa Baldwin na Ɗaya sarki a shekarar 1100. A wannan babi za a duba manyan muƙaman da wannan daula ta dogara da su wajen tafiyar da mulki. Za a fara da asalinsu da aikin kowannensu, sa'an nan a kawo misalan mutanen da suka riƙe su. Manufar ita ce a nuna cewa ƙarfin muƙami a wannan daula bai tsaya kan abin da doka ta tanada ba, ya danganta ne da halin da sarki yake ciki.

3.1 Asalin Muƙaman

Salibiyawa sun zo da tsarin fada daga ƙasashensu, musamman Faransa. Muƙaman da suka fi fice guda shida ne, watau Seneshal da Kwanstabul da Mashal da Cansela da Cembalen da kuma Butla. A asali duk waɗannan barorin gidan sarki ne, wani yana lura da dawaki, wani da ɗakin kwana, wani da abin sha. Sannu a hankali aikin gida ya rikiɗe ya zama aikin hukuma.

Sai dai ƙasar Sham ta sauya musu fasali ta fuska biyu. Ta farko, daular ta rayu ne cikin yaƙi, ga kuma ƙarancin mutane, domin barden da hakimai suke wajabce su kawo wa sarki ba su kai 700 ba. Wannan ya sa mai riƙe da runduna ya fi kowa nauyi, saɓanin Faransa inda Seneshal ya fi ƙarfi a farkon ƙarni na 12. Ta biyu, a wannan ƙarni muƙaman ba su zama na gado ba. Sarki ne yake naɗa wanda ya ga dama.

3.2 Aikin Kowane Muƙami

Mafi yawan bayanin ayyukan waɗannan muƙamai ya fito ne daga littafin doka na Jon na Ibelin, hakimin Yafa, wanda ya rubuta shi a wajejen shekarun 1260. Wajibi ne a karanta shi da taka-tsantsan, saboda ya zo kusan shekaru tamanin bayan Ƙudus ta kuɓuce musu, a zamanin da sarakunan daular suke zaune a Turai ba su taɓa taka ƙasar ba.

Kwanstabul shi ne shugaban runduna bayan sarki. Kada a haɗa shi da kurtun ɗan sanda da aka sani a yau da wannan suna. Kalmar ta fito ne daga Latin, ma'anarta mai kula da bargar dawaki, domin haka kalmar Madawaki ta fi kusa da ita. Shi yake tsara sahun yaƙi, ya lura da haƙƙin sojojin haya, ya kuma yanke hukunci a sansani. Ranar naɗin sarki shi yake riƙe tuta.

Mashal mataimakin Kwanstabul ne, kuma yana yi masa mubaya'a. Aikinsa ya yi kama da na Shamaki. Yana duba dawaki da makamai, kuma yana da hannu a tsarin da ya ɗora wa sarki mayar wa barde dokinsa idan ya mutu a bakin daga.

Seneshal shi ne mai kula da dukiyar sarki. Baitulmali da kuɗin shiga da ganuwoyin sarki suna ƙarƙashinsa, kuma yana iya shugabantar Babbar Majalisar hakimai idan sarki ba ya nan. Ranar naɗi shi yake ɗaukar sandar mulki.

Cansela shi ne Magatakarda, mai rubuta takardun sarki da riƙe hatimi. A ƙarni na 12 malaman coci ne suke riƙe wannan muƙami, saboda su ne suka ƙware a Latin. Cembalen kuwa shi ne mai lura da cikin gidan sarki, shi yake sa masa tufafin naɗi, Butla kuma yana kula da abin sha a walima. Ko da yake na ƙarshen ƙarami ne, yakan zama tsani. Alal misali, Odo na Santaman ya riƙe muƙamin Mashal da na Butla kafin ya zama shugaban Barden Haikali, watau ƙungiyar nan ta mayaƙa masu alwashin addini, a shekarar 1171.

3.3 Muƙamai a Lokacin Raunin Sarki

Idan sarki baligi ne, lafiyayye, yana ƙasarsa, waɗannan mutane bayin umurni ne kawai. Amma da zarar ya faɗa hannun abokan gaba, ko ya zamana yaro ne, sai mulki ya gangaro hannunsu. Misalai biyu za su tabbatar da haka.

A watan Afrilu na shekarar 1123 Balak, wani sarkin Turkawa, ya kama Baldwin na Biyu. Hakimai suka ɗora Yustas Garniye, wanda yake Kwanstabul, a kan riƙon ƙasa. A watan Mayu ya karya rundunar Fatimiyawan Masar a kusa da Yibna, amma ya rasu a watan Yuni. Wilyam na Bur ya gaje shi a muƙaman biyu. Shi da babban limamin cocin Ƙudus da sauran manya ne suka ƙulla yarjejeniya da mutanen Benis, inda aka yi musu alkawarin kashi ɗaya bisa uku na birnin Sur idan jiragen ruwansu suka taimaka aka ci shi. An ci Sur a watan Yuli na 1124, sarki yana tsare. A nan muƙamin ya ceci daular.

Misali na biyu ya nuna ɗaya fuskar. Sarki Fulk ya rasu a shekarar 1143, ya bar matarsa Melisanda da ɗansu Baldwin na Uku mai shekara 13. Da yake mace ba ta jan runduna, sai ta naɗa ɗan'uwanta Manasa na Hiyarj Kwanstabul, alhali bai daɗe da zuwa daga Turai ba. Hakimai da yawa suka ji haushin girman kansa, sarki kuma da ya girma ya ɗauke shi a matsayin wanda ya raba shi da mahaifiyarsa. A shekarar 1152 rikicin ya kai ga yaƙin basasa. Baldwin ya kewaye Manasa a ganuwar Mirabel, ya kore shi daga ƙasar, ya kuma naɗa nasa mutumin, Hamfiri na Toron. Abin lura a nan shi ne, sarki bai iya karɓar mulki daga mahaifiyarsa ba sai da ya fara karɓe muƙamin shugaban runduna.

3.4 Daga Rasuwar Amalrik Zuwa Yaƙin Hittin

Shekaru goma sha uku da suka biyo bayan rasuwar Sarki Amalrik a 1174 su ne suka fi bayyana wannan al'amari. Ɗansa Baldwin na Huɗu ya hau gado yana da shekara 13, ga shi kuma da ciwon kuturta. Seneshal na lokacin, Mayils na Falansi, ya riƙe harkokin mulki shi kaɗai, ya kuma yi ta jan ƙafa kan buƙatar Raimon, sarkin Tarabulus, wanda ya nemi riƙon ƙasa a matsayinsa na dangin sarki. A watan Oktoba na wannan shekara aka kashe Mayils a kan titi a birnin Akka. Raimon ya sami riƙo, aka kuma naɗa Wilyam na Sur, malamin sarki, Cansela. Wannan Wilyam shi ne ya rubuta tarihin daular da ake dogara da shi. Domin haka mai nazari ya tuna cewa marubucin yana cikin rikicin da yake ba da labarinsa.

Da sarki ya balaga a shekarar 1176, sai ya naɗa kawunsa Joslin Seneshal, wanda aka fanso daga Halab bayan ya shafe shekara 12 a tsare. A shekarar 1179 Faruk Shah, ɗan ɗan'uwan Salahuddin Al-Ayyubi, ya yi wa sarki kwanton ɓauna a kusa da Baniyas. Hamfiri na Toron ya tsaya ya kare shi har ya tsira, amma raunukan da ya samu suka zama ajalinsa. Ya riƙe muƙamin Kwanstabul kimanin shekara 27 a ƙarƙashin sarakuna uku. Muƙamin ya koma hannun Aimari na Lusinyan, baƙo daga Faransa, wanda ƙanensa Gi ya auri Sibila, yayar sarki, a shekarar 1180.

Sakamakon waɗannan naɗe-naɗe ya fito fili a shekarar 1186, lokacin da yaron sarki Baldwin na Biyar ya rasu a Akka. Raimon ne mai riƙo, amma Joslin ya lallashe shi ya tafi Tabariyya, sa'an nan ya sa dakarunsa suka riƙe Akka da Bairut. Aka naɗa Sibila a Ƙudus, ita kuma ta ɗora wa mijinta kambi. Cikin masu goyon bayansu har da Jerad na Ridfo, tsohon Mashal, wanda a lokacin yake shugabantar Barden Haikali. Ashe ke nan ɓangaren da yake riƙe da baitulmali da runduna shi ya yi rinjaye a kan mai riƙon da majalisa ta amince da shi.

Da wannan ɓaraka aka tunkari Salahuddin a Hittin ranar 4 ga Yuli, 1187. Aka kama sarki Gi da Kwanstabul Aimari da Jerad. Bayan 'yan kwanaki Joslin ya miƙa Akka, Ƙudus kuma ta miƙa wuya ranar 2 ga Oktoba. Ba za a ce rikicin fada kaɗai ya jawo haka ba, domin Salahuddin ya riga ya haɗa ƙarfin Masar da Sham a hannu ɗaya. Amma rikicin ya sa manyan da suka shiga yaƙin ba su amince da shawarar juna ba.

3.5 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa muƙaman fadar Ƙudus sun samo asali daga Turai, amma yaƙi ya fifita Kwanstabul a kan saura. An kuma ga cewa rashin gado ya ba sarki mai ƙarfi damar zaɓen mutanensa, amma a lokacin sarki mai rauni ya mayar da muƙaman abin da ɓangarori suke rububi a kai. Muƙaman sun ci gaba da wanzuwa bayan an mayar da fada Akka, har zuwa faɗuwar birnin a shekarar 1291. Babi na gaba zai duba Babbar Majalisar hakimai da dangantakarta da sarki.