Matsayin Mata Cikin Aikin Ubangiji: Inda Muka Fito

Yayin da muke gode wa Allah domin shekara 50 na wannan ikkilisiya, ya kamata mu waiwayi wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu bi: mene ne matsayin mace a majami'a da kuma cikin aure?

Tun farkon bishara a ƙasarmu mata suna gaba. Miss Johanna Veenstra ta mishan SUM ta iso Nijeriya a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, tana wa'azi, tana koyarwa, tana ba da magani, har ta rasu a Vom a 1933. Ikkilisiyar da ta fito cikinta a Amurka, wato Christian Reformed, ba ta ba mace bagade a lokacin ba. Sai a 1995 ta yarda gundumomin da suke so su naɗa mata fastoci.

A Amurka ɗin ne muhawarar ta yi zafi. A 1987 waɗansu shugabanni suka taru a garin Danvers, suka rubuta cewa namiji da mace darajarsu ɗaya ce a gaban Allah, amma shugabancin gida da na ikkilisiya an danƙa wa maza. Sun dogara ga 1 Timoti 2 da Afisawa 5. Waɗansu kuwa suka kafa tasu ƙungiya, suna cewa baiwar Ruhu ce ke zaɓen mai hidima. Suka nuna Galatiyawa 3:28, da misalin Debora da Biriskila. A shekarar 2000 Baptis na kudancin Amurka suka tsai da cewa aikin fasto na maza ne kaɗai. Dukansu masu riƙe da Littafi Mai Tsarki ne.

Mu a nan ba mu taɓa naɗa mace fasto ba. Amma iyayenmu mata ne suka ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin majami'armu ta farko. Zumuntar Mata ce ke ziyarar marasa lafiya, ta dafa abinci a gidan makoki, ta tara hatsi domin masu bishara na ƙauyuka. Da yawanmu a bakin malamar Makarantar Lahadi muka fara jin sunan Yesu.

Dole kuma mu faɗi gaskiya. Akwai gidajen da aka karanta ayar biyayyar mata, aka tsallake wadda ta umarci miji ya ƙaunaci matarsa har ga ba da ransa. Mata sun sha duka, muka ce su yi haƙuri. Babu ɓangare ko ɗaya cikin muhawarar nan da ya koyar da haka.

Yau 'ya'yanmu mata suna gama makarantar Littafi Mai Tsarki, suna tambaya ina za su yi hidima. Dattawa da matasa, mu zauna mu bincika Maganar Allah tare, cikin addu'a da ladabi, mu ba su amsa.

Ubangiji ya bi da mu. Amin.