Arba'in da biyar: daga hatimin malamai zuwa sudoku mai jimla

Ƴan'uwa ɗalibai, da yawanmu mun san sudoku a salula, wasu kuma sun kai ga mai wuyar, wadda ake zagaye ƴan gidaje da ɗigo-ɗigo a rubuta jimlarsu a kusurwa. Tarihinta gajere ne. Wani Ba'amurke, Howard Garns, ya fitar da sudoku ta farko a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauka a 1984 ya raɗa mata suna, jaridar Times ta Landan ta fara buga ta a 2004, sannan ta kawo mai jimlar a 2005 da sunan Killer Sudoku.

Sudoku ta asali ba lissafi a cikinta. Ko haruffa tara ka zuba, wasan bai canza ba. Mai jimlar ce ke tilasta ka ka ƙirga. Gida biyu masu jimla 3, dole 1 da 2 ne. Masu 17, dole 8 da 9. Babban makami kuwa shi ne 45, jimlar 1 zuwa 9. In kejojin da ke cikin akwati sun ba ka 41, gida ɗaya ya rage, to 4 ne, ba gardama.

Ni dai wannan 45 ɗin ba baƙuwa ba ce gare ni. Duk wanda ya tashi a Tchaké ko Mayahi ya taɓa ganin malami ya zana hatimi a allo ko a takardar laya. Mafi shahara shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina ka bi, tsaye, kwance ko karkace, 15 za ka samu. Me ya sa 5 ke tsakiya kullum? Layi huɗu ne ke ratsa tsakiyar, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, wato 45, sai na tsakiya da suka ƙara taɓawa sau uku. Saura 15, raba uku, 5. Wallahi dabarar nan ce dai muke yi a salula.

Kuma akwai namu da ya yi littafi a kai. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, ya tafi hajji, a 1732 ya rubuta da Larabci hanyoyin cika hatimi mai layuka mara, irin 3, 5 da 7. Ya zauna Alƙahira wajen Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, can ya rasu a 1741, sama da shekara ɗari biyu kafin a haifi sudoku.

Kar wani ya ce ai wannan ɗan Nijeriya ne. A zamaninsa babu wannan iyakar; ƙasar Katsina ta haɗa har da Tasawa, kuma bayan jihadi gidan sarautar Katsina Maraɗi ya dawo, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkinmu.

Abin da ke ba ni haushi, a lakwal an koya mana Pitagor da Talas, amma ban taɓa jin sunan al-Kashinawi a aji ba. Ƴan boko na kallon hatimi a matsayin tsibbu kawai, almajirai da yawa kuma kwafe shi suke yi daga kundi ba tare da an nuna musu yadda ake gina shi ba. Ku gwada mai gida 25, lambobi 1 zuwa 25: kowane layi 65 zai ba ku, 13 kuma za ku fara ajewa a tsakiya.